Bugu Arba'in Kafin a Tada Inji

Injin kamfanin ƙanƙara ya fara ƙwanƙwasa ranar Talata da hantsi, kafin azahar kuwa an aika an kira Bakanike. To wa za a kira in ba shi ba? Shekara goma sha biyar ke nan ba mai kwance noti ɗaya a jikin injin nan sai shi. Ba ma'aikacin kamfanin ba ne, garejinsa na can bakin titi, amma in ka ji yadda yake maganar injin sai ka rantse gadonsa ya yi.

Injin tsoho ne, ƙato, ya kusa cike ɗakin da aka gina masa. Wutar gari da yamma take zuwa, saboda haka shi ke riƙe kamfanin tun daga safe har la'asar sakaliya. Mai kula da shi kuwa yayan Bakanike ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ba shi shekara goma sha ɗaya a duniya. 'Yan kamfani ba su san shi da wani suna ba sai Arba'in, sunan kuma yana da dalili.

A cikin cikin inji akwai karanshaf, wani ƙaton sandan ƙarfe mai gwiwa-gwiwa da ke juyawa. Kwance yake a kan wasu ɓawon ƙarfe masu laushi da makanikai ke kira metal. In inji yana aiki, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu, ɗan siriri, bai kai kaurin gashi ba, a kansa sandan ke yawo. Amma in aka kashe inji ya kwana, man zai tsiyaye ya koma kaskon da ke ƙasa, sandan ya zauna daram a kan metal. Famfon injin kuma ba ya turo mai sai injin ya tashi. Shi ya sa maƙeransa suka liƙa masa famfon hannu a gefe, mai mariƙi kamar na tuƙa-tuƙa, don a tura mai ya isa ko'ina kafin a tada shi. Bugu arba'in aka ce, bugu arba'in kuwa Yaya ke yi kowace safiya, yana ƙirgawa a fili. Ko Manaja ne ya yi masa magana a tsakiyar ƙirga, sai dai ya jira.

Ranar Laraba Bakanike ya buɗe ƙofofin gefen inji, ya zaro metal ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan kwali. Sun ci. Farin samansu ya goge har jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito, kuma duk a wuri ɗaya, daidai inda sandan ke zama in ya kwana. Yana cikin dubawa Manaja ya shigo, matashi mai tsabta, wanda bai cika shekara biyu a kujerar ba, yana tattare ƙafar wando kada mai ya taɓa shi.

"Injiniya, me ya jawo mana wannan?"

Bakanike mutum ne mai son a san ya sani. Wannan halin nasa tun yana yaro ne, kuma bai bar shi ba. Ya ɗauki metal guda ya ɗaga shi wajen haske, ya bi shi da farce.

"Yallaɓai, wannan ba mugun mai ba ne, ba kuma zafi ba ne. Ka ga inda ya ci? Injin nan a bushe yake tashi. Ba yau ba, ba jiya ba, ya yi shekaru. Kullum safe ƙarfe na gugar ƙarfe kafin mai ya iso."

Sai da maganar ta gama fita sannan ya ji abin da ya faɗa. Baki dai shi ke yanka wuya. Manaja ya juya a hankali ya dubi Yaya, wanda ke tsaye bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Baba, ka ji abin da ƙaninka ya ce."

"Na ji," in ji Yaya. "Ina bugawa."

"Wa ke gani? Ƙarfe shida kake shigowa, kai kaɗai."

"Ina bugawa."

Bai ƙara ko kalma ba. Haka yake, in ya faɗi abu sau biyu ya gama. Manaja ya ce shi ba ya son wulaƙanta babba, amma mai kamfani za ta tambaye shi, dole kuma ya ba ta amsa. Ranar Asabar zai rubuta takardar sallama. Ya fita yana tsallake tabon mai.

Da la'asar Bakanike ya bi ta gidan Yaya. Ya tarar da shi zaune a kan kujera 'yar tsugunne ba riga, matarsa na murza masa man zafi a kafaɗar dama. Kafaɗar nan ta daɗe tana damunsa. Hannun ba ya ɗaguwa ya wuce kunne, in zai sa rigar aiki sai ya rataye ta a ƙusa ya juya baya ya zura hannun a hankali. An je asibiti an ce gaɓar ce ta suɗe, a rage aikin ƙarfi. Yaya ya ce to, washegari ya koma bakin aikinsa.

Suka gaisa. Matar Yaya ta amsa gaisuwar a daƙile, ba ta ɗago ba. Bakanike ya ja benci ya zauna, ya yi 'yan kame-kame, sannan ya rage murya.

"Yaya, tsakanina da kai. Kowa ya san halin da kafaɗar nan take ciki. In wata rana kana yin goma ka bari, ko ka tsallake, ba abin kunya ba ne. Ka gaya mini in san yadda zan gyara maganar wajen Manaja."

Yaya ya dube shi, ya daɗe yana kallonsa.

"Auta, kai ma?"

Matar ce ta karɓe. Ta rufe kwalbar man da ƙarfi.

"Buɗe masa tafin hannunka ya gani. A'a, buɗe masa. Wannan kantar a barci ya same ta? Mutumin da ranar da zazzaɓi ya kayar da shi sai da ya rarrafa ya je ya yi bugunsa ya dawo ya kwanta. Kai da ya goya a bayansa, kai ne za ka zo har gida ka tambaye shi ko yana ha'inci."

"Ya isa," in ji Yaya.

Bakanike ya tashi ya fita. Amma gaskiyar magana, a hanya yana tafe yana cewa a ransa metal ba ya ƙarya. Tausayin Yaya yake ji ƙwarai, yana kuma ganin tsufa ne ya zo, girman kai ya hana shi faɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar Juma'a da safe sababbin metal suka iso. Kafin ya ɗaura su, Bakanike ya shiga wanke hanyoyin mai, kamar yadda ya saba. Yana da wata ɗabi'a da yake alfahari da ita: duk bututun da ya kwance, sai ya toshe bakinsa da ɗan katako kada ƙura ta shiga. Shi ya fiƙe katakan da hannunsa tun yana sabon bakanike, ya yi wa kowanne tsaga biyu a gindi, yana ajiye su a wani gwangwanin madara. Ya kwance bututun da ya tashi daga famfon hannu zuwa jikin inji, ya kafa baki ya busa.

Iska ta ƙi wucewa.

Ya sake busawa har kunnuwansa suka toshe. Ya nemo waya ya zura ta ɗaya bakin, ya tura, ya ji ta ci karo da wani abu. Ya ƙwanƙwasa bututun a kan benci, ya sake turawa da ƙarfi. Wani baƙin abu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. Ya durƙusa ya lalubo shi, ya goge da tsumma. Katako ne, ya sha mai ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura. Ya juya gindinsa, ga tsaga biyu.

Ya zauna a ƙasa, a cikin man da komai.

Goma sha biyu ya fiƙe. Sha ɗaya ne a gwangwani, kuma ya san tun yaushe. Shekara tara da suka wuce ya yi wa injin nan babban gyara, da ya zo tattara kaya ya ga babu ɗaya, ya ce ya faɗa kwata ne, ya rufe gwangwani ya tafi. Ashe ya shige cikin bututu, shi kuma ya ɗaure noti a kansa. Famfon hannun yana da wata 'yar ƙofa mai sifirin, in mai ya rasa hanya sai ya danne sifirin ɗin ya koma kasko. Allurar agogon mai kuwa tun asali ba ta motsi sai injin ya tashi, balle ta tona asiri. Wato shekara tara Yaya na ɗebo mai daga kasko yana mayar da shi kasko, yana kokawa da sifirin, ko ɗigo bai taɓa isa ga metal ba.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa, Yaya ya faɗa. Washegarin wancan gyaran ya ce masa, "Auta, famfon nan ya yi tauri." Shi kuma yana wanke hannu ya ce, "Sabuwar roba na sa masa, zai saki." Bayan wata biyu Yaya ya sake faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ko dai ƙarfi ne ya fara tafiya?" Daga ranar Yaya bai sake tada maganar ba. Ya faɗa sau biyu, ya gama.

Kunya ta kama Bakanike, tsoro kuma ya biyo bayanta. Aikin kamfanin nan shi ne ƙashin bayan garejinsa, da shi yake bugun ƙirji a gaban sauran makanikai. In labari ya fita cewa shi ya bar toshe a bututun mai, wa zai sake ba shi ko injin markaɗe? Ba kowa a ɗakin. Ya jefa katakon a aljihun riga, ya wanke bututun tas, ya busa, iska ta wuce fiu.

Ya yi ta saƙa da warwara har rana ta take, daga ƙarshe ya samo wata dabara da yake ganin za ta fid da kowa. Ya wanke hannu ya tafi ofis, ya roƙi a kira Yaya. Aka kira shi, ya zo ya tsaya jikin bango, bai zauna ba.

"Yallaɓai, na gano matsalar," in ji Bakanike. "Ba laifin Yaya ba ne. Bututun famfon hannu ne ya toshe. Yana bugawa, man ne ba ya wucewa."

"Me ya toshe shi?"

"Datti. Ka san tsohon inji."

Manaja ya jingina da kujera yana juya biro. Yaron ba wawa ba ne, wannan kam a ba shi.

"To, na yarda yana bugawa. Amma Injiniya, in bututu ya toshe, mai bugawa ba zai ji a hannunsa ba?"

"Zai ji. Yakan yi tauri."

"Shekara nawa ka ce?"

"Da dama."

"To ka ga. Mutum ya ji abu ya canza a hannunsa shekara da shekaru, bai gaya wa kowa ba. Ni a wurina duk ɗaya ne da rashin bugawar. Baba, ka taɓa kai ƙara cewa famfon ya yi tauri?"

Bakanike ya kasa ɗaga kai. Jira yake ya ji an ce, na gaya wa wannan da ke zaune. Kalma shida ce ko bakwai, kuma gaskiya ce. Ya ji Yaya ya gyara tsayuwa, ya ji numfashinsa.

"Ban kawo ƙara ofis ba," in ji Yaya.

"Shi ke nan," in ji Manaja, ya jawo takarda.

Ashe Yaya ya sani. Bakanike ya gane haka nan take. Yaya bai san da katako ba, amma ya san ranar da famfon ya yi tauri, ya san hannun wa ya taɓa shi, ya kuma zaɓi ya tafi gida da takardar sallama da ya ambaci ƙaninsa. Bakanike ya sa hannu a aljihu ya fito da katakon, ya ajiye shi a kan farar takardar da Manaja ke shirin rubutu. Mai ya fara yin tabo a jikinta.

"Ba datti ba ne, Yallaɓai. Wannan ne. Nawa ne, ni na fiƙe shi, ga 'yan'uwansa can a gwangwani. Ni na manta shi a bututun shekara tara da suka wuce. Kuma Yaya ya kai ƙara. Wurina ya kai, sau biyu. Na farko na ce zai saki, na biyu na yi masa dariya."

Manaja ya dubi katakon, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ture katakon gefe, ya ɗaga takardar da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka koma bakin aikinka." Ya juyo. "Kai kuma Injiniya, ka gama haɗa mana injin, tunda kai ka buɗe shi. Bayan nan zan gaya wa mai kamfani abin da ya faru yadda ya faru. Ba na jin za ta so a sake kiran ka."

"Na sani," in ji Bakanike.

Yaya ya matso ya ɗauki katakon, ya jujjuya shi, ya shafa tsagar nan biyu da babban yatsa. Ya sa a aljihu ya fita, bai dubi kowa ba.

Kwana biyu Bakanike ya yi yana haɗa injin. Kowane metal sai da ya shafe shi da mai da yatsansa kafin ya kwantar da shi, ya duba ramin mai ya hau daidai kan ramin mai, ya ɗaure kowane noti ya sake bi. Yaya na nan yana miƙo masa abin da ya nema, yana share ƙasa, amma in ban da "ungo" da "ɗaga nan" ba abin da ya haɗa su. Sau uku Bakanike na buɗe baki zai ba da haƙuri, sau uku yana rufewa. Me zai ce? Haƙurin inji daban, an sayo sababbin metal an sa. Kafaɗa kuwa ba a sayar da ita a kasuwa.

Ranar Litinin ƙarfe shida suka haɗu a ɗakin inji su biyu. Bakanike ya bar ƙofar gefe ɗaya a buɗe, ya durƙusa da tocila yana haska karanshaf, don ya ga isowar man da idonsa.

"Bismillah, Yaya."

Yaya ya tsaya gaban famfon yadda ya saba. Ya ware ƙafa, ya kama mariƙin da hannu biyu, ya cije leɓe, ya sake masa nauyin jikinsa gaba ɗaya. Mariƙin ya tafi ƙasa sululu, ba abin da ya tare shi, Yaya ya yi taga-taga har goshinsa ya kusa dukan jikin inji. Ya dafe, ya tsaya.

Ya ɗago mariƙin a hankali. Ya sake dannawa, wannan karon da hannu ɗaya. Ya tafi.

"Biyu," ya ce.

Ya ci gaba. Uku, huɗu, biyar. Muryarsa ba ta canza ba. A na ashirin da uku Bakanike ya ga man ya ɓullo ta gefen metal, ja-ja, mai tsabta, ya taru ya gangaro a jikin ƙarfe.

"Ya iso, Yaya. Ga shi nan ya iso."

Yaya bai tsaya ba sai da ya cika arba'in ɗinsa. Sannan ya saki mariƙin, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa.

"Haka yake da," ya ce. "Haka yake lokacin da na fara aiki. Har na manta." Ya juyo ya dubi Bakanike. "Ka san, Auta, da ka ce mini ko ƙarfi ne ya fara tafiya, yarda na yi. Na ɗauka ni ne na ƙare. Shi ya sa ban sake gaya wa kowa ba, kada a ce tsoho ya gaza a kawo wani. Kullum sai in zo da wuri in rufe ƙofa, kada a ga yadda nake fama."

Bakanike ya kashe tocilar. Hawaye ne suka zo masa, bai kuma yi ƙoƙarin ɓoye su ba.

"Yaya, ka yafe mini."

"Rufe ƙofar nan mu tada shi, ƙanƙarar mutane na narkewa."

Ya rufe, ya ɗaure notuna. Yaya ya tada injin. Ya kama da bugu ɗaya, allurar mai ta haura ta tsaya inda ya kamata, ƙarar ta daidaita, ba ƙwanƙwasa ko kaɗan. Suka tsaya suna saurare na ɗan lokaci. Bakanike ya tattara kayan aikinsa a akwati, ya ɗauki gwangwanin madara zai saka, sai Yaya ya miƙo hannu. Katakon ne. Ya wanke shi da kananzir, amma baƙin bai fita ba.

"Mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Ka riƙa ƙirgawa kafin ka ɗaure."

Bakanike ya karɓa ya jefa a gwangwani. Yaya ya nufi ƙusar da rigar aikinsa ke rataye, don a singileti ya yi bugun, ya fara juya baya zai zura hannun yadda ya saba. Bakanike ya riga shi. Ya cire rigar daga ƙusa, ya buɗe ta, ya riƙe ta ƙasa-ƙasa daidai inda hannun zai iya kaiwa.

Yaya ya tsaya ya dube shi. Sannan ya juya, ya miƙa hannun daman a hankali, ya ɗan runtse ido lokacin da kafaɗar ta motsa. Bakanike ya ja rigar ya ɗora masa a wuya, ya gyara masa kwala.